Shaidu Biyu a Kan Numfashi: Tsakanin Awon Huhu da Maganar Majiyyaci

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa umarnin shari'a yana rataye ne da iyawar wanda aka umarta, kuma sukan kafa hujja a kan haka da ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara, tare da ayoyi na 184 da 185 na wannan sura, inda aka keɓe marar lafiya da matafiyi da rangwame a azumi. Inda magana take yin tsawo shi ne wajen gane iyakar da iyawa take ƙarewa, da kuma tantance wanda za a karɓi maganarsa a matsayin hujja idan aka zo tabbatar da cewa ta ƙare. Wanda ya karye a ƙafa ko wanda zazzaɓi ya kwantar ba ya bukatar mai yi masa shaida, tunda uzurinsa a fili yake ga duk mai ido. Mai ciwon huhu kuwa yana iya zama a zaure ana hira da shi kamar kowa, sannan 'yar tafiyar da ke tsakanin ƙofar gidansa da masallacin unguwa ta bar shi yana haki, ba ya iya kai magana ƙarshe sai ya tsaya ya ja iska. Kusan ƙarni biyu ke nan da likitanci ya samar da na'urar da ke auna iskar huhu da lita, ta yadda a yau akwai shaidu biyu a kan numfashin mutum ɗaya, wato lambar da na'ura ta bayar da kuma abin da mai ƙirjin yake ji, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Tambayar ita ce wanne za a gabatar idan suka saɓa, a sallah ko a azumi.

Ba a iya yin hukunci tsakaninsu sai an san abin da na'urar take aunawa. Baligi lafiyayye da ke zaune cikin natsuwa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma a kowane numfashi kimanin rabin lita ce ta iska, wato mililita 500, take shiga ta fita, wadda za a iya kira iskar kai-da-komo. Ko a cikinta ma kusan mililita 150 ba ta isa ƙananan jakunkunan da ke can ƙarshen huhu, inda jini ke karɓar oksijin, sai dai ta tsaya a hanci da maƙogwaro da manyan bututun iska ta juyo yadda ta shiga. Idan mutum ya ga dama yana iya ƙara shaƙar wajen lita 3 a kan abin da ya saba, haka nan bayan ya fitar da numfashi na al'ada yana iya matso ƙarin lita ɗaya da 'yan kai, kuma waɗannan biyun su ne ajiyar shaƙa da ajiyar fitarwa. Jimlar ukun nan, wato mafi yawan iskar da mutum zai iya fitarwa bayan ya cika ƙirjinsa taf, takan kai wajen lita 4.6 ga matashi namiji matsakaicin tsawo, kuma likitoci suna kiranta ma'aunin rayuwa. Bayan wannan duka akwai kimanin lita 1.2 da ba ta fita komai ƙoƙarin mutum, ita ce ragowar iska, wadda ke hana jakunkunan mannewa kuma take sa jini ya ci gaba da karɓar oksijin a tsakanin numfashi da numfashi. Idan aka haɗa ta da sauran sai cikar huhu gaba ɗaya ta kusa lita 6, ta mata kuma takan gaza haka da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari.

Abin lura a cikin waɗannan lambobi shi ne yalwar ajiyar da aka halicci ɗan Adam da ita, domin numfashinsa na zaune kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai na abin da zai iya motsawa. Wannan yalwa rahama ce, amma ita ce kuma take ba ciwo mafaka, tunda yana iya cin babban rabo na ajiyar shekara da shekaru kafin mai shi ya ankara.

Likitan Ingila John Hutchinson ne ya gabatar da na'urar, wadda ake kira sifiromita, a Landan a 1846, bayan ya auna mutane sama da 2,000, inda ya nuna cewa ma'aunin rayuwa yana ƙaruwa da tsawon mutum, yana raguwa da tsufa, yana kuma faɗuwa a masu tarin fuka. A 1947 Robert Tiffeneau da abokin aikinsa Pinelli a Faransa suka shigar da lokaci cikin lissafin, suka mai da hankali ga yawan iskar da mutum ke iya hurawa a daƙiƙar farko idan ya busa da iyakar ƙarfinsa. Lafiyayye yakan fitar da kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na iskarsa a wannan daƙiƙa, kuma idan rabon ya sauka ƙasa da kashi 70 ko bayan an ba mutum maganin buɗe hanyoyin iska, to likitoci sukan ce akwai toshewa mai ɗorewa.

Da wannan awo aka kasa cututtukan huhu gida biyu. A gida na farko hanyoyin iska ne suke ƙuntata, ko dai na ɗan lokaci kamar a ciwon asma, ko na dindindin kamar a ciwon toshewar huhu da hayaƙin taba ke jawowa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, kuma a ƙasar Hausa hayaƙin itace da kara da mata ke shaƙa a bakin murhu tun ƙuruciya yana cikin manyan sababansa. A gida na biyu huhun ne da kansa yake ƙanƙancewa ya yi tauri, ko kuma ƙirjin ya kasa buɗewa, kamar yadda ake gani a wanda tarin fuka ya bar wa tabo, ko mai fasa dutse da mai niƙa dutsen zinare da ƙurar ta taru a huhunsu, ko mai ƙusumbi, ko mai tsananin ƙiba. A nan yawan iskar da huhu ke ɗauka ne yake raguwa, har da cikar huhu gaba ɗaya. Gida na biyu ba shi da wuyar fahimta, tunda raguwar lamba tana tafiya da raguwar ƙarfi. Na farko ne yake koyar da darasin da ya shafi tambayar nan.

Mai toshewar dindindin yana iya shigar da iska, fitar da ita ce take gagararsa, domin ƙananan hanyoyin sukan rufe kafin huhu ya gama juyewa, saboda haka ragowar iskarsa takan ninka ta lafiyayye, cikar huhunsa gaba ɗaya ma ta zarce ta wanda ba shi da ciwo. Ƙirjinsa ya zama kamar rumbun da tsohon hatsi ya cika, girmansa na nan amma babu wurin zuba sabo. Tantanin tsokar da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne babban injin numfashi, yakan baje saboda matsin iskar da ta taru, sai ƙarfin jansa ya ragu. Idan mutumin ya tashi tafiya sai numfashinsa ya ƙara sauri, lokacin fitarwa ya gajarta, kowane numfashi ya bar wani abu a kan na baya, har wurin shaƙa ya kusa ƙarewa, kuma a nan ne yake jin kamar an ɗaure masa ƙirji. Binciken likitocin huhu ya nuna cewa wannan taruwar iska a lokacin motsi ta fi bayyana wahalar majiyyaci fiye da lambar daƙiƙar farko da aka ɗauka yana zaune, shi ya sa ake samun mutum biyu masu lamba ɗaya, ɗaya yana zuwa gona, ɗaya kuwa sanya riga ma yana gajiyar da shi. Kwamitin duniya da ke tsara ƙa'idojin kula da wannan ciwo ya amince da haka a 2011, lokacin da ya daina dogara ga lambar ita kaɗai wajen kasa majiyyata, ya shigar da abin da suke faɗa game da hakinsu da yawan tashin ciwon. Ma'anar wannan ga mai nazarin fiƙihu ita ce iyawa alaƙa ce tsakanin jiki da wani aiki a wani lokaci, don haka wanda ya iya tsayuwar raka'a biyu da asuba yana iya gaza ta la'asar a ranar da hazon hunturu ya sauko da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, alhali takardar awonsa ba ta canza ba.

Duk da haka zuciya tana karkata ga lamba, saboda ana ganin ba ta son kai kuma ba ta jin kasala. Tarihin na'urar kuwa yana kira ga taka-tsantsan. Lambar da ke fitowa ba ta da ma'ana sai an gwada ta da abin da ake sa ran samu ga lafiyayye mai irin shekarun mutum da tsawonsa da jinsinsa, kuma mutane ne suke tsara wannan abin gwadawa. A Amurka, tun daga rubuce-rubucen Samuel Cartwright, likitan da ya kare bauta, da rahoton Benjamin Gould na 1869 a kan sojojin yaƙin basasa, aka kafa ra'ayin cewa huhun baƙar fata ƙarami ne a halitta, har aka wayi gari na'urori suna rage kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari daga abin da ake sa ran samu da zarar an rubuta cewa majiyyaci baƙi ne, ba tare da an bambance abin da gado ya jawo daga abin da talauci da yunwar ƙuruciya da gurɓatacciyar iska suka jawo ba. Sai a 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina sanya launin fata a lissafin, kuma sakamakon haka mutanen da jiya aka ce huhunsu lafiya yake suka koma cikin masu tawaya, da numfashin da bai ƙaru ba bai ragu ba. Shaidar da hukuncinta ke sauyawa da sauyin lissafi tana da amfani, amma ba ta kai a ɗora mata ikon hana bawa rangwamen da Ubangijinsa ya yi masa ba. A kan wannan kuma akwai maganar adalci, domin a arewacin Najeriya da kudancin Nijar akasari sai a manyan asibitoci ake samun na'urar, kuma da a ce rangwame ya rataya a kanta, da talakan ƙauye, wanda shi ne ya fi shaƙar hayaƙi da ƙura, shi zai fara rasa shi.

Sai dai shaida na biyu ma, wato maganar majiyyaci, yana da nasa rauni, kuma rashin faɗinsa zai zama ha'inci ga mai karatu. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a cikin masu asma akwai waɗanda ba sa jin ƙuntatar hanyoyin iskarsu har sai ta yi tsanani, musamman tsofaffi da waɗanda ciwon ya daɗe tare da su, kuma suna cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗarin mutuwa, tunda ba sa neman magani da wuri. A lokacin annobar korona a 2020 an ga majiyyata da oksijin ɗin jininsu ya faɗi ƙwarai suna magana ba tare da kukan sarƙewar numfashi ba. Wanda ciwo ke ci a hankali kuma yakan rage tafiyarsa kaɗan kaɗan, ya daina hawa bene, ya koma masallacin da ya fi kusa, ya ɗora laifin a kan tsufa, har ya ce lafiyarsa ƙalau alhali rabin ajiyarsa ta tafi. Idan aka ƙara da kunya da son kada a ga gazawa, waɗanda ke da ƙarfi a tarbiyyar dattijon Bahaushe, sai a ga cewa kuskuren majiyyaci ya fi yawa ta wajen raina ciwonsa.

A nan ne rarrabewar da malaman Malikiyya suka yi take warware ƙullin. A Muhtasar na Halil da sharhohinsa, waɗanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun ƙarnoni, an bambanta matakai biyu: shan azumi yana halatta ga marar lafiyar da ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa ko yake shan wahala mai tsanani, yana kuma zama wajibi idan ana tsoron halaka ko babbar cuta. Masu sharhi sun bayyana cewa tsoron da ake lura da shi shi ne wanda ya dogara ga abin da mutum ya jarraba a jikinsa, ko faɗin masanin magani, ko abin da ya sami mai irin yanayin jikinsa. Ke nan tun asali an karɓi shaidu fiye da ɗaya, kuma idan aka duba da kyau za a ga kowane yana da fagen da ya fi sani. Wahala abu ce da ake ji, kuma babu wanda ya san ta sai mai ita. Har ma'anar da likitocin ƙirji suka ba sarƙewar numfashi ta tsaya ne a kan cewa abu ne da majiyyaci kaɗai ke iya ba da labarinsa. Cuta mai zuwa kuwa abu ce da ake kintata daga alamomi, kuma a nan na'ura da likita sun fi mai jikin gani.

Abin da ya biyo baya shi ne shaidun biyu ba su da nauyi ɗaya ta kowace fuska. Idan majiyyaci ya ce numfashinsa ya gaza, lambar kuwa ta nuna ciwon da sauƙi, maganarsa ce abin bi a ibada, ko da yake likita zai ci gaba da neman dalili, wataƙila a zuciya ko a ƙarancin jini. Idan kuwa ya ce zai iya, awon kuma ya nuna cewa barin magani ko tsawaita wahala zai jefa shi cikin haɗari, to shaidar awo ce ke gaba, kuma rangwamen ya tashi daga halas zuwa wajibi. Na'ura tana da ikon buɗe ƙofar sauƙi ga wanda bai nema ba, ba ta da ikon rufe ta ga wanda ya nema.

A sallah al'amarin a sarari yake, domin hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito ya jera matakan tsayuwa da zama da kishingiɗa gwargwadon iyawa, kuma ilimin numfashi yana ƙara haske a kan yadda za a yi aiki da shi. Sunkuyawa da sujada suna tura kayan ciki sama su matse tantanin numfashi, kwanciya rigingine kuma tana rage iskar da ke zaune a huhu bayan numfashi na al'ada, shi ya sa wani majiyyacin yake iya tsayuwa amma sujada ta gagare shi, wani kuma ba ya samun sauƙi sai ya zauna ya ɗan duƙa gaba ya dafa gwiwoyinsa. Fiƙihu ya tanadi nuni ga wanda ya kasa ruku'u ko sujada, kuma limamin da ya san akwai irin waɗannan a sahunsa ya kamata ya tuna umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na sassauta sallar jam'i saboda raunana da marasa lafiya.

A azumi kuwa mas'alar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce ta maganin shaƙa, wanda ake kira inhela. Kowace fesawa ta maganin salbutamol tana ɗauke da maikirogiram 100 ne kawai, ana kuma nufin huhu da ita, ko da yake wani abu yana maƙalewa a maƙogwaro. Ibn Baz da Ibn Usaimin sun tafi a kan cewa ba ta karya azumi, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda a zamanta na Jidda a 1997 ta sanya iskar oksijin cikin abubuwan da ba sa karyawa, ta yanke irin wannan hukunci a kan maganin shaƙa a zamanta na Madina a 2018. Wasu malamai sun ga tana karyawa, kuma mai bin Malikiyya zai iya fahimtar dalilinsu, tunda mazhabar ta wajabta ramuwa ga wanda ya shaƙi hayaƙin turaren wuta da gangan har ya isa maƙogwaronsa. Sai dai ita wannan mazhabar ce kuma ta yafe ƙurar hanya ga mai tafiya, da ƙurar gari ga mai niƙa da mai awo, saboda wuyar kauce musu, kuma bukatar mai asma ga maganinsa ba ta gaza bukatar mai sana'a ga sana'arsa ba. Abin da ya kamata a jaddada, wanda sau da yawa yakan ɓace a cikin jayayya, shi ne saɓanin ya tsaya ne a kan ko za a rama ranar ko ba za a rama ba. Babu ɓangaren da ya yarda mai asma ya riƙe maganinsa a aljihu yana jiran magariba alhali ƙirjinsa na kuka. Magungunan rigakafi da ake shaƙa safe da yamma ana iya mai da su lokacin sahur da buɗa-baki da shawarar likita, wanda kuma ciwonsa ya kai ba zai taɓa iya azumi ba, malamai sun haɗa shi da tsohon da ya gaza, wanda Risala ta Ibn Abi Zaid ta so masa ciyar da mudu ɗaya a kowace rana.

Za a iya cewa gaskata majiyyaci a kan wahalarsa zai buɗe hanya ga malalaci. Wannan tsoro yana da wuri a inda ake biyan diyya ko fansho, inda wani zai yi asara idan aka yi ƙarya, kuma a can awo yana da babban matsayi. Azumi kuwa ibada ce da ba a gina ta a kan sa ido ba, tunda mai son sha a ɓoye ba ya bukatar takardar likita, kuma wanda ya yi ƙaryar haki don ya yi salla a zaune ya san Wanda yake yi wa ƙaryar. Malamin da aka zo wa da tambaya a kan numfashi ya kamata ya gaskata mai tambaya idan ya ce ya gaza, ya kuma tura shi asibiti idan ya ce zai iya alhali ana jin ƙarar ƙirjinsa daga nesa. Likita kuma, idan ya duba takardar awo ya ga haɗari, ya faɗa wa majiyyacinsa a fili, kafin watan azumi ya kama, cewa riƙe maganin shaƙa har faɗuwar rana yana iya kashe shi.